Motar Mahaifina Tana Yawo a Jikin Motocin Mutane

Basira Kawu Jiya,
Layin Tsohuwar Rijiya, Limawa,
Minna, Jihar Neja.
14 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Sulhu da Ladabtarwa,
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Kanikawan Motocin Turai,
Reshen Kpakungu, Minna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN MALAM SIDDIQ NA GAREJIN GINDIN MANGWARO, BISA RARRABA KAYAN MOTAR MAHAIFINA DA SUNAN ARO

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da sauran dattawan wannan kwamiti, ni mai suna a sama, malamar makarantar firamare kuma 'yar fari ga Malam Kawu Jiya, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin mahaifina. Ba da saninsa na rubuto ba. Da ya sani da ya hana, domin mutum ne da ya gwammace abu ya ci shi a ciki da a ce ya kai ƙarar ɗan abokinsa.

Tun farko ina so kwamiti ya san dalilin gaggawata. Likita ya tabbatar mahaifina yana da hawan jinin ido. Ganinsa raguwa yake yi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Lokacin da ya rage masa na riƙe sitiyari kaɗan ne, motarsa kuwa tana kwance a garejin ɗan ƙungiyarku tun watan azumi. Ga yadda al'amarin ya kasance.

1. Mahaifina direban gwamnati ne mai ritaya. Sama da shekara talatin ya yi yana tuƙa manyan ma'aikata a cikin motocin Jamus, ya wanke su, ya goge su, ya kwana a cikinsu a ƙofar otal, amma ko keken hawa bai taɓa mallaka ba. Da aka biya shi kuɗin sallama, a watan Janairun wannan shekara, sai ya sayi irin motar da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki, 'yar Kwatano, baƙa, wadda a shekaru ta girmi autarmu. Babu irin maganar da ba mu yi masa ba. Mun ce ya sayi ƙaramar motar Japan wadda ko a bakin titi za a samu kayanta, ya ce mu ba mu san mota ba, abin hawa kawai muka sani. Muka ƙyale shi, tunda guminsa ne.

A gaskiya kuma ya riƙe ta riƙon amana. Bai taɓa zuba mata man 'yan bumburutu ba, baƙin mai kuwa sai ya karanta jikin galan kamar mai duba maganin jariri. Da safe sai ya tashe ta ya tsaya yana sauraro kafin ya yarda kowa ya shiga. Ta kai mahaifiyata, Hajiya Dije, asibiti, ta kai shi masallacin Juma'a, ta je Bida ta dawo ko tari ba ta yi ba. Saboda haka ba a kan motar nake ƙorafi ba. Tsohuwa ce, kuma kowa ya san tsohuwar motar Jamus sai da lallashi da kashe kuɗi; wannan mahaifina ya sani, ya kuma yarda.

2. Ranar 11 ga Maris, ana cikin azumi, muka wayi gari bayan motar ya durƙusa ƙasa kamar tunkiya mai tuƙa. Balan-balan ɗin iska da ke ɗauke da bayanta ne ya fashe, gefe ɗaya. Mahaifina ya lallaɓa ta har Kpakungu, ya danƙa ta a hannun Malam Siddiq. Bai kai ta can don arha ba, ya kai ne don marigayi mahaifin Malam Siddiq abokin aikinsa ne, a gabansa aka raɗa wa Siddiq suna. Malam Siddiq ya duba ya ce abu ɗaya ne tak, zai sa a aiko daga kasuwar Panteka ta Kaduna, kafin Ƙaramar Sallah mota za ta fito. Ina roƙon kwamiti ya lura cewa a ranar nan motar da ƙafarta ta shiga gareji, fitila na kamawa, sanyi na aiki.

3. Ba a jima ba Malam Siddiq ya zo gidanmu, ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya ce wani mai irin motar ya maƙale, ana zargin famfon mai, ga shi an yi masa rasuwa yana son tafiya. Ya nemi a ara masa famfon motarmu a gwada. Mahaifina ya ce ba komai.

Ranka ya daɗe, na san wannan al'ada taku ta aron gwaji, ban kuma raina ta ba. Kayan waɗannan motoci suna da tsada, babu mai son ya saya a makance, don haka akan cire daga mota mai lafiya a ɗaura wa mara lafiya, in an gane ciwon a mayar kafin la'asar. Taimakon juna ne. Amma izini ɗaya mahaifina ya bayar, a kan abu ɗaya, na yini ɗaya. Malam Siddiq kuwa sai ya ɗauka an ba shi makullin kanti.

4. Balan-balan ɗin da aka aiko na farko ba na shekarar motar ba ne, aka mayar. Na biyu ya zo a fashe. Ana jiran na uku ne kayan motar suka fara fita ɗaya bayan ɗaya: famfon mai bai dawo ba, altaneta ta bi shi, sai kikstata, sai lagireto, sai fitilar gaba ta dama, sai madubin gefe, daga ƙarshe har ƙwaƙwalwar motar. Na samu labari daga majiya mai tushe cewa kanikawan maƙwabta ma, in mota ta gagare su, sai su ce a je a duba ta Baba. Duk tsawon wannan lokaci, in mahaifina ya je, akan tare shi tun daga bakin gareji, a shimfiɗa masa benci a gindin mangwaro, a sayo masa ruwan sanyi, a nuna masa motar daga nesa a lulluɓe da tamfol, wai saboda ruwan sama. Amsa kuma ɗaya ce kullum: gobe in Allah ya yarda. Kunya ta hana shi ɗaga tamfol ɗin ɗan abokinsa.

Asiri bai tonu ba sai bayan Babbar Sallah. Mahaifina yana cikin Keke a Tunga sai ga wata mota irin tasa a gefensa, ɗauke da madubin da shi da kansa ya liƙe tsagarsa da gam. Kafin mai Keke ya tsaya ya riga ya dira, saura ƙiris ɗan acaɓa ya kwashe shi. Mai motar, Mista Silas, ma'aikacin kantin magani ne, mutumin kirki. Ya ce shi an gaya masa aro ne daga motar wani da ya yi doguwar tafiya. Washegari ya zo har gida da madubin a cikin leda, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ya ce a shirye yake ya bayyana gaban kwamiti duk ranar da aka neme shi.

5. Tun daga ranar nan mahaifina ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je wurin Malam Siddiq sau ba adadi, ya dawo da gobe. Da ya ga haka sai ya shiga neman motarsa da kansa, a kan titi. Da hantsi zai sa hula ya fita, ya tsaya a shataletalen Kpakungu, ya koma Tunga bakin bankuna inda masu irin motar suke fakawa, ya leƙa gidajen mai. Da yake idon ba ya kai masa nesa, dole sai ya matsa ya sunkuya, wani lokaci ya shafa da hannu. Wani ya miƙo masa sadaka. Wani maigadi ya daka masa tsawa a gaban jama'a, ya ce ɓarayin madubi yanzu har da tsofaffi. Mutumin da ya yi aikin gwamnati ya fita ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba shi ba.

A gida ma babu sauƙi. Hajiya ta ce in an ajiye masa abinci sai ya ci loma biyu ya miƙe, in ya ji ƙarar babbar mota a layi sai ya fita ba takalmi. Maganin ɗigawa a ido, wanda likita ya ce kada a kuskura a tsallake, yakan manta da shi a aljihu yana can tsakar rana. Mun yi roƙo, mun yi faɗa, ƙanena Amir har ɓoye masa hula ya yi, duk a banza.

6. Ranar Asabar 20 ga Satumba na je garejin da kaina, ban kuma zauna a benci ba. Na wuce kai tsaye na yaye tamfol. Ranka ya daɗe, motar tana kan bulo, tayoyin gaba biyu ma sun tafi aro. Cikin bonet wayoyi ne a warwatse, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Malam Siddiq bai yi musu ba, bai kuma nuna ya ga abin kunya ba. Ya rantse bai sayar da ko ƙusa ɗaya ba, komai aro ne, ya kuma san inda kowanne yake. Matsalar, in ji shi, ita ce kafin ya karɓo famfonmu sai ya samo wa wanda aka ara wa wani famfon, motar da zai cira daga jikinta kuwa mai ita mafaɗaci ne, ba a taɓa masa kaya. Na tambaye shi me ya sa tamu ce ake taɓawa. Amsar da ya ba ni ina so a rubuta ta yadda ya faɗa:

"Haba Anti, ai Baba namu ne. Shi ba zai yi mana tashin hankali ba."

Na fita na hau Keke, na yi kuka tun daga Kpakungu har Limawa, ba na jin nauyin faɗa.

7. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na makon jiya. Na raka mahaifina asibiti, muna fitowa sai ya saki hannuna ya nufi wata mota, ya dafa fitilarta, ya yi wa mai ita sallama cikin ladabi, ya ce masa wannan fitilar tasa ce. Motar ƙaramar 'yar Japan ce, ruwan toka. Mutumin da a da daga ƙarar inji yake faɗin shekarar mota. Na yi wa mai motar alama da ido, Allah ya sa mai fahimta ne, ya ce to Baba, za a duba. Har yau ban gaya wa mahaifina ba cewa motar ba ma irin tasa ba ce.

Bisa waɗannan dalilai, ina roƙon wannan kwamiti mai daraja da ya kira Malam Siddiq, ya sa shi ya karɓo kowane abu daga inda ya kai shi, a gaban wakilinku, namu na asali ba wani aron ba. A ɗaura balan-balan ɗin da ya dace, ko a ba mu izini mu ja motar zuwa hannun wanda kuka amince da shi. Ina kuma roƙon ku sa wa aron gwaji ƙa'ida, ta yadda haƙurin mutum ba zai zama dalilin fara cin kayansa ba. Ba na neman a rufe garejin kowa, ba na neman a kai shi ga 'yan sanda. Yana da iyali, mahaifina kuma ba zai yafe mini ba.

Likita ya ce a ƙarshen Nuwamba zai sake auna idon, ya kuma ja ni gefe ya ce kada in sa rai zai bar shi ya ci gaba da tuƙi bayan nan. Ganin haka na shiga koyon mota a ɓoye. Shekaranjiya na gaya wa mahaifina, don in kwantar masa da hankali, cewa ko motar ta makara ba komai, ni zan riƙa tuƙa shi, shi kuma ya hakimce a baya a kujerar mai gida. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce:

"Basira, duk rayuwata ina kallon waccan kujera ta madubi, ban taɓa sha'awarta ba. Sitiyarin nake so ya zama nawa."

Ranka ya daɗe, wannan ba ni da ikon ba shi, sai ku. Ina roƙonku don girman Allah kada takardata ta jira zaman wata mai zuwa.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya da adalci, ya kuma sa a duba da idon rahama.

Taku cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Basira Kawu Jiya
A madadin mahaifinta, Malam Kawu Jiya, Limawa, Minna.