Ƙanena Ya Rasu, Amma Kullum Inna Sai Ta Kalle Shi Yana Buga Ƙwallo

Assalamu alaikum Anti Balaraba. Don Allah ki taimaka mini, abin ga ya fi ƙarfina, kuma ba wanda zan gaya wa a gida bai ce na zare ba.

Ni 'yar Argungu ce, ina koyarwa a wata firamare. Ƙanena Zulkifli ya rasu a daminar bara, kwalekwale ya kife da su suna ƙetare gulbi zuwa gonar shinkafa. Yaron da ya iya ruwa kamar kifi! Masunta sun nema har suka gaji, an samu sauran, shi ba a same shi ba. Ba mu yi masa wanka ba, Inna ba ta ga fuskarsa ba.

Ya bar na'urar gem, irin wadda ake haɗawa da talabijin a yi wasa, da ya saya a Birnin Kebbi bayan girbi. Lokacin yana raye Inna ba abin da ta tsana kamarta, kullum faɗa, wai ƙato da gemu yana wasan yara. Bayan sadakar arba'in na kunna don in ga ko tana aiki. Anti, ashe a gem ɗin ƙwallo ya haɗa ƙungiya da sunan unguwarmu, ya sa abokansa, ya kuma ƙera kansa. Tsawonsa, askinsa, sunansa a bayan riga. Inna ta shigo da tsintsiya ta gan shi yana gudu. Ta zauna a ƙasa, ba ta tashi ba sai da batirin sola ya mutu.

Tun ranar, da an yi la'asar sai ta ce in kunna mata shi. Ba ta cewa gem, sunansa take faɗi. Ni da ban taɓa riƙe hannun gem ba, wato abin da ake dannawa a motsa 'yan wasa, na koya dole, don in aka ci su ba ta cin tuwo. In aka yi masa ƙeta ya faɗi sai ta yi salati ta dafe ƙirji. Tana yi masa faɗa in ya ɓarar da ƙwallo, tana sa masa albarka in ya ci.

Abin da ke ci na shi ne ni ce nake motsa shi. Ran nan na saki hannun don in share hawaye, sai ya tsaya cak a tsakiyar fili, kafaɗunsa na ɗagawa kamar mai numfashi, yana jira. Yanzu ko alli na riƙe a aji yatsuna na motsi da kansu. Ina jin kamar na hana shi kwanciya.

Kawu Sama'ila, yayan Inna da ke Augie, ya ce a sayar, wannan wasa ne da hankalin tsohuwa, kuma kayan gado ne. Wani ya taya, amma ya ce zai goge komai. Ga na'urar ta fara zafi tana kashe kanta. Ina tsoron ranar da za ta ƙi tashi, Inna ta sake rasa ɗa a gabana. Ina kuma tsoron in ci gaba. Shin wanga abu ya cancanci zama a gidanmu?

Taki,
Yayar Marigayi, Argungu

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Zulkifli, Ya karɓi shahadarsa. Ba ki zare ba, kin gaji ne, kuma kina da hakkin gajiya.

Kawunki yana da gaskiya ta wani ɓangare: uwar da ke ƙin abinci saboda an ci hoto a talabijin tana bukatar a kama hannunta. Amma ya yi kuskure in yana zaton ɗauke na'urar rana ɗaya zai warkar da ita. Matar da ba ta ga gawar ɗanta ba, kada a sake ɗauke mata shi ba sallama. Maganar gado a kai wa malami, ba abin gaggawa ba ne.

Gobe ki kai na'urar wurin mai gyara ya share mata ƙura, ya kwafe ƙungiyar a filashi. Ki kuma ɗauki wasa ɗaya da waya ki ajiye. Wannan zai rage miki fargabar lalacewarta.

Sannan ki ajiye hannun gem ɗin. Zulkifli bai ƙera kansa shi kaɗai ba, da abokansa ya cika filin, kuma suna raye. Ki kira su su riƙa zuwa ranar Juma'a su buga, Inna tana zaune. Za su yi musu, za su yi dariya, za su ba ta labaransa da ba ta taɓa ji ba, a rufe da addu'a. Abin da ke sa irin wannan na'ura ta cancanci ajiyewa shi ne ta tara rayayyu wuri ɗaya. In tana kulle mata biyu a ɗaki suna kuka, ba ta da amfani komai tsadarta.

Abu mafi wuya shi ne ki zauna da Inna ki gaya mata gaskiya, cewa yatsunki ne ke motsa shi, kuma suna yi miki ciwo. In cin abincinta bai daidaita ba, ku ga likita. Kada ki ji tsoron za ta karye. Tun bara take kallon ɗan da ya tafi, ba wanda ya ce mata ta waiwaya ta ga halin da 'yar da ta rage take ciki. Ki ba ta dama ta zama uwarki.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba ku haƙuri mai kyau.

Anti Balaraba