Takardar Likita a Idon Mutum Arba'in da Biyu

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Sashen Ma'aikata
Daga: Mai kula da ɗakin ajiyar fayil, hawa na biyu
Kwanan wata: 18 ga Maris

Game da: Tonuwar asirin iyalina sakamakon dokar Jami'in Kwamfuta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ina gabatar da kukana kamar haka.

1. Ranar 4 ga Fabrairu, Jami'in Kwamfuta ya kafa doka cewa kada kowa ya sake maƙala takarda a jikin imel, sai dai a zuba ta cikin saƙon, wai manya sun gaji da latsawa kafin su karanta. Na taka har ofishinsa na tuna masa cewa takardar da aka maƙala ba ta bin amsa, amma wadda aka zuba ciki tana bin kowace amsa kamar jela. Ko ɗaga kai bai yi ba, yana ta shan shayinsa.

2. Ranar 6 ga Maris na nemi hutu domin jinyar maigidana. Sau uku ina maƙala takardar likita, sau uku na'ura tana dawo mini da saƙon. Ba yadda na iya, na zuba ta ciki.

3. Washegari shugaban sashenmu ya amsa da amincewa, ya sa sauran ma'aikata cikin amsar domin a san mai riƙe mini ɗakin fayil. Bai duba ƙasan saƙon ba, inda takardar likitan ta biyo amsar. Mutum arba'in da biyu suka karanta cewa maigidana na fama da ciwon daji, har da ƙanwarsa da ke sashen sufuri. Wata huɗu muna ɓoye wa mahaifiyarsa, bisa roƙonsa, saboda hawan jininta. Kafin azahar ta ji a waya, ta yanke jiki ta faɗi. Yau marasa lafiya biyu nake jinya, ɗaya ba ya yi mini magana.

4. Ranar 11 ga Maris Jami'in ya tare ni a bakin matakala, murya ƙasa-ƙasa, wai tsautsayi ne. Tsautsayin da aka zo har ofis aka gargaɗe ka a kansa, sunansa taurin kai. Ban yafe ba, kuma ba na niyyar yafewa.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Darakta ya soke wannan doka, a goge saƙon daga akwatin kowa, a kuma gurfanar da Jami'in gaban kwamitin ladabtarwa. Ba zan karɓi haƙurin bayan ƙofa ba. Duk hukuncin da aka yanke masa, ina roƙon kada a soke dokar sai an zuba takardar hukuncin cikin saƙo, an aika wa mutum arba'in da biyun nan, shi ma Jami'in ya shigo da safe ya ga yadda ake yin shiru idan mutum ya wuce.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba kukana da idon adalci.

Taku cikin ladabi da biyayya,
Mai kula da ɗakin ajiyar fayil