Ramar Kurmi da Ka Bar Mini

Daga Korgom, ana jiran ruwan shuka.

Zuwa ga Maigida, Baban Indo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sa haske a inda kake. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Babu kamyon da ke zuwa wajenku, da akwai ai da kai ne karen motarsa. Amma cikina ya cika ya batse, kuma maganar ba ta faɗuwa ga mai rai, shi ya sa na yagi tsakiyar littafin da aka ba mu a ajin yaƙi da jahilci na zauna. Ka tuna yadda kake yi mini dariya, wai tsohuwa da alƙalami? To ga tsohuwa ta rubuto maka, kuma ko harafi ɗaya ba wanda ya taya ni.

Bari in faɗa maka tun da wuri, sunanka ne a cikin maganar nan. Ka san yadda garin nan ke ganinka: mutumin da ya bar bin mota ya dawo gida, ya kama sharar masallaci ba wanda ya sa shi. Ranar addu'ar arba'in Liman da bakinsa ya ce bai taɓa jin an kawo ƙararka ba. Ban da jaki da akwati, me ka bar mana ni da Indo in ba wannan suna ba? To shi na ɗauka na yi ta yawo da shi a gari ban sani ba.

Kafin nan, ga labarin gida. Ɗiyarka Indo ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka. Ni tunda ba na iya faɗin sunan, Maigida Ƙarami nake ce masa, kuma kunnuwanka ne sak, Allah Ya ba shi haƙuri. Gujiyar da ka bari a gona ƙannenka sun cire, an kai Tasawa. Sun ce tarin buhunan bana ya fi rufin ofishin kwamanda tsawo, kuma sabuwar tutar ƙasa tana ta kaɗawa a kan ofishin. Jakin yana nan da halinsa.

Da na fita takaba na buɗe akwatinka na ƙarfe. Rigar salla, carbi, hular da ka sayo a Kano, sai ɗan gwangwanin nan can ƙasa. Nan take na gane shi. Lokacin da kake bin kamyon gujiya har Ikko na taɓa ganin ka da shi, na tambaye ka, ka ce irin ramar Kurmi ne, ba ta yi a ƙasarmu, in bar shi. Na bar shi. Yaushe na taɓa musa maka? Na buɗe, ƙwaya tara, kamar ta dawa, masu zane-zane a jiki. Na daɗe ina kallon su a tafin hannuna. Duk abin da ka bari ba ya motsi, daga tsumma sai ƙarfe, amma wannan in Allah Ya so zai iya numfashi. Sai na ji wani irin zumuɗi wanda rabona da shi tun ina budurwa.

Na yi musu yadda Innata ke yi wa tsohon irin kuɓewa in tana shakkarsa. Na jiƙa su a ƙoƙo, na naɗe a ƙyalle mai laima, kuma ƙyallen daga tsohon rawaninka na yanka, kada ka yi faɗa. Na tura gindin randa. Kullum da na sallame asuba sai in je in leƙa. Ran farko shiru, na biyu shiru, na uku har na fara zagin kaina. Ran na huɗu, Maigida, na ɗaga ƙyallen sai ga ɗan farin wutsiya ya leƙo daga ƙwaya guda! Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ni, matar da ta fita takaba kwanan nan! Zali maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ba ɗankwali, tana tsammanin kunama ce ta harbe ni. Kafin mako ya zagayo guda biyar sun tsiro, huɗun suka ruɓe.

Kai, da ka ga hidima! Fasassun tukwane biyar na samu, na haɗa rairayi da ƙasar turken awaki, na binne su ɗaya-ɗaya da ɗan yatsa ina bisimilla. Ka san rijiyar Korgom da bazara, sai hannu ya yi kanta kafin guga ya fito. Duk da haka su nake fara ba ruwa kafin in sha. Da hantsi in fitar da su su ga rana, in ta take in kinkime su zuwa inuwar zana, da la'asar in sake fitarwa. Na kewaye su da ƙaya saboda kaji. Jan zakaran nan da ya tsallaka ya kai wa guda sara, ranar ya kwana a tukunya, kuma ban yi nadama ba. Akwai ɗaya mai siririn wuya da ta riƙa faɗuwa, na tokare ta da tsinken tsintsiya har ta miƙe. Ko Indo tana jaririya ban yi mata rabin wannan ba.

Ganyen farko biyu ƙanana ne masu santsi. Na biye suka fito da haƙora a gefe. Sai mai yatsa uku, sai mai yatsa biyar, kamar hannu a buɗe. Ka ce ramar Kurmi ba ta yi a ƙasarmu, ko? To ta yi! Na tsaya a kansu ina maka gori, ni kaɗai a tsakar gida kamar mai taɓin hankali.

A nan ne bakina ya ja mana. Ka san ni, daɗi ba ya kwana a cikina. Na faɗa a rijiya, na faɗa a wurin surfe, na faɗa a gidan suna: ramar da Baban Indo ya ɗauko tun daga bakin teku, ta shekara nawa a akwatinsa, ta tashi a hannuna. Mata suka riƙa zuwa kallo rukuni-rukuni. Na yi wa kusan rabin unguwa alkawarin iri in ta yi ɗiya. Da Inna Kuluwa, uwargidan Liman, ta zo ta yi ta santi, sai kunya ta kama ni na ɗauki wadda ta fi kowace kyau na ba ta. Ka san inda ta ajiye ta? A ƙofar zaure, daidai inda Liman ke alwala, wai don ruwan albarka ya riƙa zuba mata. Duk mai zuwa gaida Liman sai ya tsallake ta.

Ana nan sai amininka Sarja Mati, tsohon soja, ya dawo daga Mayahi inda ya yi wata biyu wajen ɗiyarsa. Ya shigo gaishe ni. Ban bar shi ya sha ruwa ba na ja shi bayan ɗaki. Ya tsaya ya duba. Ya cire hula, ya mayar. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sannan dariyar ta ɗauke gaba ɗaya. Ya rage murya ya gaya mini wannan ba rama ba ce, wiwi ce, tabar da gardi, dogarin kwamanda, ke kai mutum gidan kaso a Tasawa saboda ita. Ya ce duk yaron mota da ya ɗora ido a kan ganyen nan zai gane shi. Ya tambaye ni ko wani ya gani. Wayyo ni Hajo! Wa ye bai gani ba? Kuma duk wanda ya gani, ni da bakina na gaya masa daga akwatin wa ta fito.

Maigida, ashe haka ne? Ashe duba gara da kake zuwa yi bayan rumbu kowace la'asar ke nan? Gara wace iri ce da ba ta ƙarewa rani da damina? Ashe shi ya sa kake dawowa ka share tuwo, ka kankare ƙanzo, ka yi ta yabon miyata har da rantsuwa? Ni kuwa ina ta ɗaga kai a cikin mata, wai ba wadda ta kai ni iya kaɗa kuka! Wallahi da kana kusa ranar, da ka sha muciya.

Sarja ya ce a hanya ka koya, lokacin da dakon buhu ya cinye maka baya, ga shi ba lokotoro mai ba da magani, ba hutu. Ya ce sau da yawa ka bari ka koma, kuma kunyata kake ji fiye da ta kowa. Da na ji haka sai fushin ya sauka, wani abu mai nauyi ya hau. Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni ma ga tawa. Na taɓa bin ka wata rana har kusurwar rumbu, na ga hayaƙi, na juya da sanɗa. Na ce wa kaina taba ce. Ban tambaya ba don ba na son in sani. Ina jin nishinka in za ka tashi daga tabarma, sai in ce tsufa ne in wuce. Me ya hana ni zama in ce maka ina ke ciwo? Wannan yana damuna, kuma zai daɗe yana damuna.

Amma ba lokacin kuka ba ne, don jibi kasuwa, kuma direbobi ba sa wuce zauren Liman ba su tsaya gaisuwa ba. Na zaga magudanar wurin wanka, inda ramarmu ta gida ke fitowa da kanta, na zaɓi guda biyar masu tsawo daidai da nawa. Sannan na ɗaura zane na nufi gidan Liman. Allah Ya yafe mini, na shirga wa Inna Kuluwa ƙarya mai ƙafafu. Na ce mata itacen Kurmi haka yake, in bai koma ya kwana cikin 'yan'uwansa ba sau ɗaya, kewa ke kashe shi. Baiwar Allah ta yarda, har da tausayi, ita ta ɗora mini tukunyar a ka, ta rufa mata faifai saboda rana.

Ka hango ni, Maigida! Rana tsaka, matar mai sharar masallaci, ɗauke da wiwi a ka, ina ratsa tsakiyar Korgom. Ina isowa ƙofar maigari sai ga gardi zaune, ya zo daga Tasawa, dokinsa a ɗaure. Ya kira ni. Na je na durƙusa a gabansa. Ashe ya san ka ne tun kana bin mota, gaisuwar rashi zai yi mini. Ya yi ta jero alherinka, yadda ka taɓa ɗauko masa kaya daga Maraɗi ba ka karɓi komi ba, ni kuwa ina durƙushe ina amin amin, hannu ɗaya dafe da faifai. Da ya sallame ni ban yi gudu ba, na taka a hankali kamar amarya har na sha kwana. Ina shiga gida na jingina da bango na yi ta dariya, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne.

Washegari na mayar wa Inna Kuluwa tukunyarta da ramar bayan wanka a ciki, sauran huɗun ma haka. Bayan kwana biyu Zali ta shigo, ta ƙura ido, ta tsinki ganye ta tauna, ta ji tsami. Kafin azahar labari ya gama rijiya: Hajo ta yi wata guda tana bautar ramar da ke bayan ɗakin kowa, har ta yanka zakara saboda ita. Na ce musu ni ce na rikita gwangwanaye, naka na Kurmi ƙila ɓera ya cinye. Yanzu ko ina na bi sai a tambaye ni lafiyar baƙin Kurmi, Zali har da riƙe ciki. Su yi ta yi! Na ɗauki dariyar, kuma da daɗi na ɗauke ta. Jumma'ar da ta wuce Liman ya sake sa ka a addu'a, aka shafa, ba wanda ya ɗaga gira.

Na bar maka mai wuyar a ƙarshe. Kafin in dasa ramar sai da na tumɓuke su. Da hantsi ne, na rufe ƙofar gida. Na fara da ta gidan Liman, na ƙare da mai siririn wuyan nan da na tokare. Saiwarsu fara tas, ta riƙe ƙasa gam, ba su san sun yi laifin komi ba. Na murƙushe su a hannu don kada a gane ganyen, na haƙa rami a turken jaki na binne. Da na ɗago hannu zan share gumi sai na tsaya cak. Ƙamshinka ne, Maigida. Shi ne na jikin rigarka in ka shigo da magariba, shi ne na gemunka, shi ne na matashin da kake kwana a kai. Shekara ashirin ina shaƙar sa, ina tsammani haka Allah Ya yi jikinka. Na zauna nan a ƙasa kusa da jaki, na rufe fuskata da tafuna biyu. Ban wanke hannun nan ba sai da azahar ta kusa fita, alwala ta tilasta mini.

Na yafe maka, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini tambayar da ban yi ba. Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri a can fiye da yadda na iya rufa maka a nan.

Ka huta lafiya.

Ni ce matarka,
Hajo, uwar Indo