Abin da Zakari Yake Haɗawa a Ɗakin Baya

Unguwar Dosa, Kaduna
Litinin

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma gwiwar Inna ta yi sauƙi. Mu ma lafiya lau, in ban da kifaye. Na haɗa wannan takarda da atamfarki ne saboda maganar ba ta waya ba ce. Tagarmu tana kallon lungu, lungun kuma yana da kunne.

Kin san tun da Zakari ya bar banki ya koma kiwon kifin ado, na teku, masu launi kamar an yi musu ƙunshi. Daga Legas ake turo su, shi kuma ya sayar wa masu hali na Malali da suka gaji da kallon talabijin. Kafin kifi ya shiga gidan mai shi, sai ya yi makonni a ɗakinmu na baya, a tankin killacewa, don a tabbatar bai zo da cuta ba. Ni da digirina na kimiyyar sinadarai, an ɗauke ni aikin ɗiga magani a kwalba. Albashina shi ne sannu da aiki, Malama.

Damuwarmu yanzu ammoniya ce. Guba ce da ke fitowa daga kashin kifin da ragowar abincinsa. Ba ta da launi, ruwan yana nan garau, amma tana ƙona musu wajen numfashi, kuma a ruwan gishiri ta fi cizo. Akwai ƙwayoyin halitta da ke zaune a soson tacewa suna cinye ta, sai dai namu sun mutu ranar da aka ɗauke wuta batir ya ƙare, injin iska ya tsaya. Idan na ɗebi ruwa na ɗiga maganin gwaji, rawaya lafiya ce, kore mutuwa. Jiya kwalbar ta yi kore kamar miyar kuka. Akwai maganin da ke ɗaure gubar, amma ba a haɗa shi da maganin tagulla da muke yi musu na ƙuraje. Saura hanya ɗaya: a rage musu abinci, a zuƙe dattin ƙasa da tiyo, a zubar da rabin ruwan a zuba sabo, kullum.

To ki tsaya a bakin ƙofarmu ki kalli abin da idon maƙwabci. Fararen buhuna masu rubutun waje suna shiga. Shuɗayen duro, batura, wayoyi, akwatuna daga filin jirgi. Taga a toshe, wani abu yana gurnani ba dare ba rana. Garin nan bai manta shekarun bama-bamai ba, kuma kowa ya taɓa jin cewa da takin zamani ake haɗa su. Bashir, shugaban 'yan sintirinmu, ya yi aji biyar a sakandare, daidai adadin ilimin da zai sa mutum ya san cewa akwai ammoniya a cikin taki.

Shekaranjiya Zakari ya tsaya a jikin tagar nan yana waya da Alhajin da ya yi odar kifayen. Kin san muryarsa, ba a yi ta don sirri ba. Ya ce ammoniyar ta kai inda ta kai, in dai haka ne kafin Juma'a duk za su mutu, manya da ƙanana, ba wanda zai tsira. Tun daga lokacin mai kanti ya daina amsa masa sallama, matar Bashir kuma ta aiko a karɓi turminta.

Na roƙe shi ya kira mai unguwa ya nuna masa ɗakin. Ya yi dariya, ya ce killacewa ba gidan kallo ba ce, za su shigo da turare a jiki su ƙwanƙwasa gilashi, kifi mai ciwo ba ya son firgita, a bari ruwan ya daidaita tukuna. Yaya, yana jin maganarki fiye da tawa. Ki kira shi. Ina tsoron mutanen nan a kansa.

Ki gaishe da Inna.

Ƙanwarki,
Sakina

Asibiti, Kaduna
Asabar

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Na san labari ya iso ku a gutsure, wayata kuma tana hannun 'yan sanda, shi ya sa na rubuto. Zakari yana da rai. Ki fara faɗa wa Inna wannan, sauran ki tace mata.

Ranar Alhamis bayan la'asar muna tsakiyar canjin ruwa. Na gama auna gishirin sabon ruwan, shi kuma ya fita da bokitin tsohon zai zubar a kwata. A nan mutanen unguwa suka same shi. Ban ji ihu da farko ba, ƙarar bokiti na ji a kan siminti. Kafin in kai zaure sun ja shi tsakiyar layi.

Bashir ne ya fara, da gora, a bayan kai. Da ya faɗi sai kowa ya sami ƙarfin hali. Mai kanti ya zo da ƙarfen da yake kulle shagonsa. Wani tela da ya ɗinka wa Zakari kaftanin Sallah yana taka masa ƙugu da ƙafa biyu, yana tsalle, kamar mai kirɓa ƙasar gini. Zakari yana ta cewa kifi ne, wallahi kifi ne, har haƙoransa suka daina barin kalmar ta fita daidai. Ya ɗaga hannu ya kare fuska, na ji ƙashin ya karye daga inda nake. Yahya mai faci ya gangaro da taya, wani ya miƙo galan ɗin fetur daga baya.

Wasu sun shiga ɗakin. Abin da ya ba ni mamaki, sun ga kifaye suna iyo a gabansu amma ba su yarda da idonsu ba, aka ce ɓadda kama ce. Ɗaya ya kai wa tankin sara da adda. Gilashi ya fashe, ruwa ya yi waje da su, kifin ya zube a ƙasa yana wutsil-wutsil suna taka shi. Suka jawo buhu guda waje, a matsayin shaida.

Ban yi tunani ba, Yaya, don da na yi da ban yi ba. Na ratsa su ba mayafi, na yaga buhun, na cika hannu na danna a baki. Na ƙara. Na tauna a gabansu, makogwarona kamar an zuba garwashi, na miƙa wa Bashir ragowar. Wani dattijo ya dangwala ya lasa, ya ce ai gishiri ne. An riga an rataya wa Zakari tayar, fetur ya jiƙe masa riga, ashana ce kawai ba a kyasta ba. Daga nan suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki. Da motar 'yan sanda ta iso, ni da shi kaɗai ta tarar, da kifaye.

Hannu da haƙarƙari za su ɗoru, in ji likita. Ƙodarsa ce matsalar. Dukan ya farfasa naman jikinsa, dattin ya taru a jini, ƙodar ta kasa tacewa. Likitan ya fara yi mini bayani a hankali kamar ga yarinya, na ce ya huta, na san yadda abin yake. An yi masa wankin ƙoda jiya, za a sake gobe. Ya farfaɗo sau ɗaya, ya tambaya ko na kunna wa kifayen iska. Na ce na kunna.

Ku sa shi a addu'a. In za ki zo, ki sauka a tashar Kawo ki wuto nan kai tsaye, kada ki bi ta gidan.

Taki,
Sakina

Unguwar Dosa, Kaduna
Lahadi

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa Funtuwa lafiya, kuma hanya ba ta tayar wa Inna da gwiwa ba. Allah ya saka da zaman makokin Zakari da kuka yi. Ina cin abinci, kada ki damu, Gwaggo ba ta barina sai ta ga ƙasan kwano.

Akwai abin da ban faɗa miki ba kina nan, saboda gidan a cike yake. Ranar jana'iza na leƙa ta labule lokacin da za a fita da shi. Bashir ne a gaban makara, ta dama. Telan nan yana bayansa. An ce sahu ya kai har bakin titi, an ce ba a taɓa ganin jama'a haka a layin nan ba. Ni na taɓa gani.

Bayan tafiyarku mai unguwa ya zo da dattawa, da buhun shinkafa da katan ɗin taliya. Suka zauna a zaure, ni ina ciki kamar yadda takaba ta tanada, Babanmu yana tsakani. Mai unguwa ya yi magana mai kyau, ya iya. Ya ce tsautsayi ne, ya ce tsoro ne ya yi wa mutane yawa, kuma marigayin, Allah ya jiƙansa, bai yi wa unguwa bayani ba. Ya ce hannu da yawa ne, ba wanda zai iya cewa ga wanda ya yi, don haka idan hukuma ta tambaye ni, in ce taron jama'a ne. Ya tuna mini cewa a layin nan zan ci gaba da sayen omo.

Na ce wa Baba ya faɗa musu na gode da shinkafa, su koma da ita. Na ce ranar bakina a cike yake da gishiri, ban iya ihu ba, don haka kallo na yi, kuma idona lafiyarsa lau.

Baba ya shigo daga baya ransa a ɓace. Ya ce ke mace ce ke kaɗai, Sakina, ki bar wa Allah. Na ce to, Baba, duk abin da ban gani ba na bar masa. Gobe da safe jami'in 'yan sanda zai zo ɗaukar bayanina ta bayan labule, kuma da Bashir zan fara.

Ki shafa mini kan yara, ki ce wa Inna ina neman addu'arta.

Ƙanwarki,
Sakina