Littattafaina Suna Ƙarƙashin Gadon Opah

Zuwa ga Kak Normah, yayarmu mai shafin ba da shawara,

Don Allah ki taimake ni kafin Asabar ta sama, domin in ta wuce shawara ba ta da sauran amfani. Shekarata goma sha shida, ko a aji ba na ɗaga hannu. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yayyaga su.

Bari in fara da abin daɗin. Kakannina, Atuk Samsuri da Opah Rokiah, za su cika shekara hamsin da aure. Opah 'yar Besut ce, a bakin teku aka haife ta, rabonta da can shekara goma sha ɗaya. Atuk ya yi mata alkawari shi da kansa zai kai ta, ya kwantar da ita inda za ta ji ƙarar igiyar ruwa. Shekara biyu ya yi yana ƙera ɗan ɗaki mai taya a bayan gida, da gado da taga biyu da murhun gas. Opah ce ta zaɓi yadin labulen da hannu, don idonta ya yi rauni. Kak, a duk littattafan da na karanta babu namijin da ya kama ƙafar Atuk, ko da yake haƙoransa shida ne.

Da tsohuwar a-kori-kurarsa zai ja ɗakin, ranar Asabar ɗin za mu tashi, har da ni. Ta girme ni da shekara tara, amma Yarinya yake ce mata. Opah takan ce, "Yarinyar da ta fi ka tari da safe." Wata takwas da suka wuce injinta ya mutu, Kawu Teoh bakanike ya sa mata wani, ya ba da garanti na shekara ɗaya da sharaɗi biyu: a garejinsa za a riƙa juye baƙin mai yana buga hatimi, kuma kada ta ja abin da ya wuce kilo dubu ɗaya da ɗari biyu. Takardar tana cikin leda ɗaya da takardar aurensu.

Makon jiya Atuk ya loda komai, ya ja ɗakin zuwa sikelin da ake auna kwakwar manja, ya bi layi a tsakiyar manyan motoci. Direbobi suna ta tsokanarsa, wai wace irin kwakwa ce mai labule. Sikeli ya nuna dubu ɗaya da ɗari da tamanin. Ya dawo yana dariya, ya ce ko cokali kada wanda ya ƙara. Ƙanwar mahaifiyata ta kawo duriyan huɗu, wasu manyan 'ya'yan itace masu ƙaya, a kai wa dangi, ya ce mata, "Ki zaɓa, ko su ko murhu."

To ga laifina. Ina da littattafan soyayya ɗari da sittin. Mak, mahaifiyata, ta ce jarrabawa tana zuwa, ranar Alhamis a ba mai sayen tsofaffin jaridu duka. Da ta tafi aiki na ji motarsa tana kira a layinmu, sai na kasa. Na kwashe su na jera a akwatin da ke ƙarƙashin gadon ɗakin nan mai taya, can baya, bayan an riga an yi awo. Mak ta dawo ta ga kantar littattafan wayam, ta shafa kaina ta ce na girma. Ban ce komai ba.

Jiya na ɗora littafi ɗaya a sikelin kicin, na yi lissafi. Dukansu kilo arba'in da takwas ne. Kuma ta Gerik za mu bi, hanyar da ba ta da komai sai hawa da kwana.

Da farko har na riƙa mafarkin motar ta tsaya a kan dutse cikin hazo, wani ya fito daga wani wuri ya taimake mu, kin san yadda ake yi. Sai na tuna fuskar Opah. Na manta ban faɗa miki ba, kullum bayan la'asar nakan karanta mata babi ɗaya a asirce, tana gyara wa jarumar hali, tana cewa, "Wannan sakarya ce, ci gaba."

In na yi magana, Mak za ta san na yaudare ta, littattafaina su tafi. In na yi shiru inji ya lalace, garanti ya tashi, Opah ba ta ga teku ba. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Karatu a Ɓoye

*

'Yata Mai Karatu,

Na yi dariya, sannan na kira bakaniken da ke duba motata na karanta masa wasiƙarki. Ga abin da muka tsayar.

Kilo ashirin da takwas da kika haura da shi ba lalle ne shi kaɗai ya kashe inji ba. Amma sharaɗi sharaɗi ne, kuma in wani abu ya faru, Atuk zai tsaya gaban Kawu Teoh ya rantse a kan nauyin da ba gaskiya ba, bai sani ba. Kada ki yi wa mutumin kirki haka. Abin da ya fi damun bakanikena ma shi ne inda kika zuba su. Nauyi a can bayan taya shi ke sa abin da ake ja ya riƙa lilo a gangare. Littattafan nan su fito kafin Asabar, wannan babu ja.

Mak tana da gaskiya a kan jarrabawa. Ke ma kina da taki, don ba a raba mutum da abin da yake so a rana ɗaya. Kuskurenki shirun da kika yi lokacin da ta shafa kanki. Shi za ki gyara.

Kin rubuta mafitarki da hannunki ba ki lura ba. Ki fara da Opah, gobe bayan la'asar, kafin ki buɗe babi. Ki faɗa mata duka. Matar da ke zagin jaruma tana cewa a ci gaba ba za ta bari a auna littattafan nan da tsofaffin jaridu ba. Ku je wurin Mak tare, amma ke za ki yi magana, ke za ki ba da haƙuri. Ki roƙa a kulle su a akwati, makulli a hannun Mak, sai bayan jarrabawa.

Sannan ki gaya wa Atuk, ki raka shi sikeli a sake awo. Ku biya wurin Kawu Teoh ya duba lagireto da birki da tayoyi, ya kuma rubuta a takardar cewa ya san da wannan tafiya. A hawa Atuk ya bi da ƙaramar giya, idonki a kan allurar zafi, ku tsaya ku sha shayi Yarinya ta huta. Game da wanda zai fito daga hazo kuwa, a hanyar Gerik ko dai dattijo ne mai motar janwe, ko giwa.

Kilo ashirin ya rage muku. Littafi uku ba su kai kilo ɗaya ba. Ki nemi izinin su, ki zaɓi wanda jarumarsa ta fi sakarci, ki karanta wa Opah a bakin tekun Besut. Ki ɗaga murya kaɗan. Ina zargin akwai wani mai haƙora shida da ya daɗe yana saurare ta bayan taga.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya ƙara wa tsofaffin nan shekaru tare.

Kak Normah