Gabas Ta Ɓata a Falona

Asabar, 8 ga Mayu, 2010

Yau ma Nna, mahaifiyata, ta buge ƙwaurinta da teburin gilashin nan na tsakiyar falo. Jini har kan kafet. Ta ce ba komai, kamar yadda take cewa kullum tun da idonta ya fara mutuwa na ɗauko ta daga Bida. To ni na gaji da ba komai. Wannan ba falo ba ne, reshen Kasuwar Kure ne. Kujeru manya-manya, tebur da 'ya'yansa, fulawar roba, ga uban kabad ya cinye rabin bango, cike da kwanukan samira da tasoshin tagulla da Nna ta yi min jere da su lokacin aurena. Ban taɓa cin abinci a ko ɗaya ba. Aikina goge su.

Na gaya wa maigidana, Baban Muniratu, zan kwashe komai. Ya kalle ni ta saman jarida ya ce har da shi? Na ce idan ya tare hanya.

Alhamis, 13 ga Mayu

Charles kafinta ya zo ya auna. Na zana masa abin da na gani a gidan wata abokiyar aikina a Abuja: bango kalar kunun gyaɗa, dogon benci ɗaya na maɗaci da matasai masu laushi, tabarma saƙar hannu, labule mara nauyi, fitila ɗaya a lungu. Tsakiya kuwa fili fetal, Nna ta yi tafiyarta ba abin da zai sare ta. Ya yi ta jira in ci gaba. Da ya ga na gama sai ya ce, madam, to baƙi me za su kalla? Na ce su kalli juna.

Asabar, 22 ga Mayu

Na kai Nna da yara unguwar Chanchaga gidan Anti Lailatu, yayar Baban Muniratu, saboda warin fenti. An sauko da kabad daga bene da ƙyar, an jingine shi a gareji, kwanukan cikin kwalaye. Kafin azahar labari ya zaga unguwa wai Raliya ta kwashe kayan ɗakinta, aure ya mutu. Matar gidan ƙasa ta hawo har sama, ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, wai duk maza haka suke. Na bar ta ta gama, sannan na roƙe ta aron tsintsiya.

Lahadi, 6 ga Yuni

An gama. Wallahi ya yi kyau, ko ba wanda ya faɗa ni na faɗa. Da yamma rana ta shigo ta kwanta a bango, falon kamar an yi masa wanka. Na zauna a ƙasa ni kaɗai, na ji numfashina ya sauka. Tunda na yi aure ban taɓa jin gidan nan nawa ba ne sai yau.

Anti Lailatu ta dawo da su. Ta tsaya a ƙofa ta leƙa hagu ta leƙa dama, ta ce yaushe kayan za su iso? Na ce ai ga su nan. Ta ce in dai matsi ne a faɗa, dangi na nan. Matsi! Bencin nan kaɗai ya fi kujerunta daraja, amma ban ce ba.

Nna ta miƙa hannun hagu inda kabad yake a da, ta kama iska. Ta ce a kai ta ɗaki, ta gaji.

Laraba, 9 ga Yuni

Nna ba ta fito falo ba tun Lahadi, sai lokacin salla. Ɗakin yara inda take kwana ba wurin shimfiɗa sallaya, dole a falo take yi. Ta idar ta koma. Fushin kwanuka ne, na sani. Ta yi ta yi, ba zan mayar ba.

Talata, 15 ga Yuni

Wana, Yaya Ndaman, ya bugo daga Bida. Wai ya ji na zubar da gumin tsohuwa a gareji, tasoshin da ta tara ɗaya bayan ɗaya da sayar da ƙuli-ƙuli. Na ce Yaya, wa ke kai ta asibitin ido? Wa ke ɗiga mata magani safe da yamma? Shi da ba ya iya tuna sunan maganin. Ya ce ba a yi wa babba magana haka. Na ce to Allah ya ba da haƙuri, amma falona ne.

Baban Muniratu ya ce ko a dawo da kabad ɗin kawai a zauna lafiya. Shi kullum a zauna lafiya. Don ita na yi, ba don gayu ba. To, har da gayu kaɗan.

Asabar, 19 ga Yuni

Ba rauni ko ɗaya a ƙafar Nna tun da aka gyara. A rubuta wannan a kai wa Anti Lailatu.

Alhamis, 24 ga Yuni

Na dawo daga ofis da wuri, kaina na ciwo. Na buɗe ƙofa a hankali na tarar da Nna a tsakiyar falo tana la'asar. Ta ba gabas baya. Ƙofar kicin take kallo, ta yi ruku'u, ta yi sujada, hankalinta kwance. Na tsaya da jaka a hannu ina kallonta.

Da ta sallame sai na ce Nna, alƙibla tana bayanki. Da na sani na yi shiru na juya ta gobe ba tare da ta sani ba. Amma bakin nan nawa.

Ta juyo inda muryata take. Sannan ta tambaye ni tun yaushe. Na ce ban sani ba, da rana ba kowa a gida, da dare kuma ban taɓa lura ba. Ta ce a da idan ta ɗora hannun hagu a gefen kabad ta san ta daidaita, kuma in mutum ya taka bene kwanukan na ɗan yin ƙara, ta san ta ina ake zuwa. Yanzu duk inda ta juya bango ɗaya ne, sumul, ba abin da ke ce mata komai.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Raliya, ki kira Ndaman ya zo ya ɗauke ni. A Bida ko a mafarki na san gabas."

Bida, inda ba mai ɗiga mata magani sai in an tuna. Likita ya ce ɗan hasken da ya rage a idon dama, in aka yi wasa, shi ma tafiya zai yi.

Juma'a, 25 ga Yuni

Ta kama rama salloli tun da safe, tun daga ranar da ta dawo. Na ce malamai sun ce wanda bai sani ba ba laifi. Ta ce malamai ba su za a tambaya ba.

Lahadi, 27 ga Yuni

Ba a rasa dabara. Na sa Charles ya kafa siririn katako a jikin bango, daga ƙofar ɗakinta har inda za ta tsaya, da ɗan ƙulli a ƙarshe. Ya dace da benci, kamar dama can da shi aka tsara. Na kama hannunta na bi da ita. Ta shafa, ta shafa, ta ce aikin ya yi kyau, Allah ya yi wa yaron albarka. Sannan ta ce ita ba akuya ba ce da za ta riƙa bin igiya a gidan 'yarta.

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni. Haushi ne, ba wani abu ba.

Yaya zai zo ranar Asabar. Ta riga ta ɗaure kayanta a zani.

Laraba, 30 ga Yuni

An tafka ruwa. Na sauka gareji duba mota, mota kawai. Rufin na ɗiga ta lungu ɗaya, nesa da kabad, amma damina ai yanzu ta fara. Na buɗe kwali ɗaya. Ƙaramar tasar nan mai lotsawa a gefe, wadda ta ce ita ce ta farko da ta saya ina goye. Har ta fara dusashewa.

Asabar, 3 ga Yuli

Gareji na yoyo, shi ne dalilin da na sa aka dawo da kabad, kuma haka na gaya wa kowa. Ba zan bar kaya su lalace don a ce na yi taurin kai ba. Jiya Charles ya kankare kabad ɗin ya shafa masa kalar benci, saboda haka cikin tsarina yake, ba wanda ya kayar da ni. Tebur da kujeru da fulawar roba kuwa sun tafi har abada. Baban Muniratu ya buɗe baki zai yi magana, na kalle shi, ya koma jaridarsa.

Matar gidan ƙasa ta ga ana hawa da shi ta yi guɗa, wai an yi biko.

Ban gaya wa Nna ba. Ina jera kwanukan, ina buga su da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata, sai ga ta a bakin ƙofa. Ta ce manyan a ƙasa ake sawa, ko jeren ma ban iya ba? Ta zauna kan bencina, karon farko, tana ba da umarni har na gama.

Yaya Ndaman ya iso ana kiran azahar, ya ce su kama hanya kafin hadari. Nna ta ce ya bari ta yi salla. Ta miƙe, na yunƙura zan kama ta, ta ture hannuna. Ta taka, ta ɗora hannun hagu a gefen kabad, kwanukan suka ɗan yi ƙara, ta gyara tsayuwa ta ta da kabbara. Daidai, ko karkata babu.

Da ta idar ta ce masa ya gai da mutanen gida, ya turo mata man gyaɗa.

Falon ya ɗan matse. Ƙura kuma za ta dawo, na sani. Tasar mai lotsawa na sa ta a gaba, daidai inda hannunta ke sauka, don can ne kawai ta sami wuri.