Kwalba Mai Lamba Arba'in da Bakwai Tawa Ce

Zuwa ga Babban Likita, shugaban masu binciken ƙoda da fitsari a ƙauyukan bakin Tiga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe, ni masunci ne, cikin waɗanda ruwan dam ya tasa aka tsugunar da mu a ƙasar Bebeji. Kan wana, Yaya Sale, nake magana, kuma raina a ɓace yake.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar sallar bara mutanenka suka zo suka raba kwalabe masu lamba, wai binciken tsargiya. Ni ina kan ruwa aka rubuta sunaye, ban samu ba. Aka jera magidanta a ƙofar gidan mai unguwa, zana ɗaya tak aka kafa don a yi fitsarin a bayanta. Surukin Yaya na tsaye a layin, kunya ta hana Yaya yi. Ni na karɓi kwalbarsa, mai lamba arba'in da bakwai, na cika masa da fitsarina. Wannan laifina ne, ban ɓoye ba.

Na biyu. Bayan mako uku aka zo ɗaukarsa zuwa Kano, wai ana zargin ƙodarsa. Sau biyu na faɗa wa ma'aikacinka gaskiya, ya ce shi lamba ya sani. Aka zura wa Yaya roba ta gaba har mafitsara, mutumin da bai taɓa fitsarin jini ba. Lafiyayye ya tafi, ya dawo da zazzaɓi, fitsari sai ya dafa bango. Har yau ba ya iya jefa birgi ya kama kifi, ga iyali.

Na uku. Da kuka leƙa ai kun ga ba komai. To me ya sa aka yi shiru? Yanzu kuma an aiko wai ran Laraba za a koma da shi a auna zuciya. Haba, ranka ya daɗe. Magani kuke mana, ko karatu kuke yi a jikinmu? Ko ƙwaya ɗaya ba mu gani ba, sai dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mana ba. Wallahi ban yarda da wannan shirun ba.

Roƙona: a yi wa Yaya maganin abin da robar ta jawo masa, a faɗa mana da Hausa abin da muka dangwala wa hannu, a cire sunansa daga kan lambar nan.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa ka gama lafiya. In motarku ta zo ran Laraba, ni za ta tarar a bakin hanya. Jinin da kuka gani a kwalbar nan nawa ne, kuma har yanzu yana zuba.

Wassalam.

Ilu ƙanen Sale